Zuwa ga masu shagunan sassaƙar ƙarfe na Gusau da kewaye

Assalamu alaikum, iyayen gidanmu. Muna yi muku barka da aiki.

Magana ce a kan farin ruwan nan mai kama da madara da kuke sanyaya bakin inji da shi, wato haɗin mai da ruwa, wanda muke karɓa mu tace. Wasu durom ɗin da ke zuwa mana ba sa gyaruwa, kuma kusan kullum dalili ɗaya ne: an juye musu baƙin mai, ko fetur ɗin wanke hannu, ko man birki. Da zarar waɗannan sun shiga, ruwan ya tashi daga aiki. Don Allah a ware masa durom nasa mai murfi, a rubuta a jiki, a kuma nuna wa yaran shago.

Idan durom ya iso, mukan bar shi ya kwana biyu ba a taɓa ba. Garin ƙarfe ya kwanta a ƙasa, man da ya zubo daga jikin inji ya taso sama, mu kwashe shi. Sai mu bi da maganaɗisu, mu tace da ƙyalle mai kauri, domin maganaɗisu ba ya kama alminiyam da tagulla. Daga nan mu tsoma takardar gwajin tsami. In ta nuna tsakanin 8.5 da 9.5, ruwan na da sauran rai, sai mu daidaita haɗinsa mu mayar muku. In ta faɗi ƙasa da 8, ga kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai, to ya mutu. Irin wannan mukan zuba masa alif ya rabu, mai ya koma gefe, ruwan kuma mu zuba a ramin siminti rana ta shanye. Ba na ban ruwa ba ne, ba na dabbobi ba.

Warin nan yana da tushe. Man da ke shawagi a saman tanki yana toshe iska, ƙwayoyin cuta masu son wurin da babu iska su hayayyafa a ƙarƙashi, musamman in inji ya yi kwanaki a kashe. Su ke tsamar da ruwan, aiki ya fara tsatsa tun bai bar shago ba, hannun yara ya feso da ƙuraje. Wannan na ƙarshen ya fi damun mu. Kwashe man kowace safiya da tsumma ko soso yana rage wannan matsalar.

Wajen haɗa farin ruwan, lita 1 ta mansa na jarka a lita 20 ta ruwa ita ce aka saba, sai in jarkar ta faɗi wani abu dabam. Ruwa ake fara zubawa, sannan mai a hankali ana juyawa. In aka yi akasin haka sai ya tsinke. Lokacin bazara ruwa ne ke ƙonewa ya bar man, saboda haka ciko ya zama mai tsarari. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ma yana tsinka shi.

Kada a zubar a kwata. Ruwan sama na farko zai kwashe shi zuwa gulbin Sakkwato, inda ake noman rani da shayar da shanu. In durom ya kusa cika, a bar tazarar taƙi ɗaya a sama, a rufe, a ajiye a inuwa, a aiko mana.

Allah ya ƙara buɗi.