Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Hukumar Kula Da Masu Buƙata Ta Musamman Ta Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni makaho ne, kuma sana'ata gyaran sauti. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne a Zariya, kuma cikin gadon da ya bar mana akwai akwatin ƙarfe cike da fayafayan garmaho. 'Yan'uwana suka ce ni ne mai kunne, sai suka bar mini. A kan wannan akwati nake rubuto maka.

Fayafayan iri biyu ne. Akwai tsofaffi masu nauyi da ke juyi sau 78 a minti ɗaya, waɗanda aka yi da shalak, wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya. In ya faɗi ya fashe kamar tangaran, in ka goge shi da sinadarin da ke da barasa ya narke. Kowane gefe bai wuce minti uku da 'yan kai ba. Sai na roba, waɗanda kamfanin Columbia ya fito da su a 1948, masu juyi 33 da sulusi. Layin da allura ke bi a jikin faifan shalak ya fi faɗi, don haka allurarsa daban. Kuma kafin 1954, lokacin da kamfanonin Amurka suka amince da ma'auni ɗaya na ɗaukar sauti a faifai, kowane kamfani yana da yadda yake danne sauti mai kauri ya ɗaga siririyar murya. In ba ka gano wanda aka yi amfani da shi ba, kalangu sai ya fito kamar ana buga gwangwani. Ni da kunne nake gano wannan, kafin mai ido ya gama neman takarda.

Matsalar tana wajen wanke sautin: cire ƙaras-ƙaras na ƙarce, da shuuu ɗin da allurar ƙarfe ta bari. Mu muna aiki da kwamfuta ne ta manhajar da ke karanta mana abin da ke kan allo, kamar JAWS, ko NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006 suke kuma bayarwa kyauta. Amma manhajar karatun ba ta karanta abin da ba a rubuta ba. Na taɓa tara kuɗin wata uku na sayi wata manhajar gyaran sauti mai suna a duniya. Da na buɗe ta, abin da na ji shi ne "maɓalli, maɓalli, maɓalli", babu wanda aka raɗa wa suna. Sautin kuma an mayar da shi hoto mai launuka, wai ka ga tabon ka zagaye shi da mawus. Na kira ɗan ƙanwata mai shekara goma sha biyu, ina faɗa masa inda ƙarar take, yana dannawa. Rannan ya share mini rabin amshi tare da ƙarcen. Ban yi masa faɗa ba, ba laifinsa ba ne.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce, kuma da madannai kaɗai, ba tare da mawus ba, nake zaɓar wurin da ya lalace in cire ƙarar. Manhajar Reaper ma, in an haɗa ta da OSARA, wani ƙari da ke sa ta yi aiki da manhajar karanta allo, makafi na yin cikakken aikin sutudiyo da ita. Sai dai in faifai ya ci wuya sosai, kayan aikin da suka fi ƙarfi ake bukata, kuma a nan ne ƙofar take yawan rufuwa. Tun da wasu sun iya sa wa kowane maɓalli suna, sauran ma za su iya in mai saye ya matsa.

Mai saye kuwa ita ce gwamnati. Gidajen rediyon gwamnati, irin na Kaduna da ya fara aiki a 1962, da cibiyoyin adana tarihi irin su Gidan Arewa, su ne inda ake sa ran muryoyin makaɗan fada, da na noma, da na dambe za su tsira. Ko ba daɗe ko ba jima za a ba da kwangilar mayar da irin wannan ajiya cikin kwamfuta. Roƙona shi ne hukumarka ta rubuta wa ma'aikatun da abin ya shafa tun kafin a buga tallar kwangila, a sa sharaɗi cewa duk manhajar da za a saya sai ta yi aiki da madannai zalla, kuma sai makaho ya zauna ya gwada ta da NVDA kafin a biya ko sisi.

Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a yi ƙoƙari aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatan gwamnati su zama masu nakasa. To, in an ɗauki makaho aka zaunar da shi gaban manhajar da ba ta magana, an cika lissafi ne kawai, shi kuma ya koma jiran albashi. Tun 1953 ake koyar da makafi a makarantar Gindiri da ke Jihar Filato. Yaranmu da ke fitowa daga irin waɗannan makarantu, 'yan watanni sun ishe su koyon wannan aiki, in an ba su kwamfuta da na'urar juya faifai da allura ta gari.

In ka ba ni izini, zan zo Abuja da faifai biyu daga akwatin mahaifina, ɗaya shalak ɗaya roba. Zan kunna maka su yadda suke, sannan in wanke ɗaya a gabanka allon kwamfuta a kashe. Ɗayan kuma zan buɗe shi a waccan manhajar mai tsada, ka rufe ido ka gwada da kanka.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Naka,
Wani makaho mai gyaran sauti, Zariya