Binciken ɗaliban kimiyyar halittu: kwalba 16 ta isa, in an yi aikin daidai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Kowace shekara ɗaliban kimiyyar halittu na ajin ƙarshe na lisans, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da sauran jami'o'inmu, kuka ɗaya suke yi: babu na'urori, babu kuɗin sinadarai. Gaskiya ne, labo ɗinmu, wato ɗakunan gwaji, na da ƙaranci. Amma yawancin binciken da ke lalacewa, rashin tsari ne ke kashe shi tun kafin a kai ga maganar na'ura.

Mu ɗauki aikin da ɗalibai suka fi so, wato gwada garin dogon yaro a kan ƙwaron wake, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus. Kayansa kwalabe ne, da ƙyalle mai shara-shara, da roba, da ma'auni mai auna giram.

Matsala ta farko wake ne da kansa. Waken kasuwa sau da yawa an sa masa maganin ƙwari, sai ɗalibi ya wayi gari ƙwarinsa duk sun mutu, ya yi ta murna dogon yaro ya yi aiki. A nemo wake daga manomin da aka san bai sa komai ba. A ƙulle shi cikin leda, a sa a firiza mako guda don ƙwai da tsutsar da ke ɓoye ciki su mutu. In an fitar, kada a kwance ledar sai ya saki sanyi, in ba haka ba raɓa ta jiƙa shi ya yi fumfuna.

Ganye ko ƴaƴan dogon yaro a shanya su a inuwa, domin rana tana lalata sinadarin azadiraktin da ake nema. Kuma ƴaƴan sun fi ganye ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka a rubuta wanne aka daka.

A zuba wake giram 50 a kowace kwalba. Gari kashi huɗu: babu ko kaɗan, giram 1, giram 2, giram 4, kowane kashi kwalba huɗu, jimla 16. Waɗanda ba a sa wa gari ba su ne shaida. Nan ne ɗalibai da dama ke yin ganganci, suna ganin asarar wake ce. Alhali in babu shaida, wa zai ce gari ne ya kashe ƙwaron ba zafi ko tsufa ba? Babban ƙwaron ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu a raye ko ba a taɓa shi ba. Da adadin ƙwarin da suka mutu a kwalaben shaida ake gyara lissafin sauran, bisa ƙa'idar Abbott ta 1925.

A kowace kwalba a saka ƙwari maza biyar, mata biyar, waɗanda ba su wuce kwana biyu da fitowa ba. A cakuɗa jerin kwalaben a kan tebur, kada masu gari da yawa su taru bakin taga. Ƙafafun teburin kuma a tsoma su cikin gwangwanayen ruwa. Tururuwa kan gama da aikin wata guda a dare ɗaya.

Bayan mako a kwashe manyan, a ƙirga ƙwan da ke manne a jikin wake. Sabbin ƙwari na fitowa bayan mako uku zuwa huɗu in zafi na wajen digiri 30. A ƙirga su kullum ana cirewa, in an bar su za su yi sabon ƙwai lissafi ya rikice.

Abin da nake roƙon shugabannin sassa shi ne lokaci. A raba batutuwan bincike a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da sabon wake ya shigo. Wanda aka ba batu a Afrilu, ɗakin gwaji na haura digiri 40, wuta na ɗaukewa, firiza ta narke, ba shi da sararin sake gwajin in ya ɓaci. Sanyin Disamba da Janairu kuwa yana jinkirta fitowar ƙwaron, saboda haka a rataye ma'aunin zafi kusa da kwalaben, a rubuta safe da yamma.

Ga INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, ga cibiyar ICRISAT ta Sadore, mai binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, ba nisa da Yamai. Wasiƙa ɗaya daga shugaban sashe za ta iya sa ɗalibi ya je ya ga yadda ake kiwon ƙwarin da bambanta namiji da mace kafin ya buɗe kwalbarsa ta farko.

Wassalam.

Wani malamin kimiyyar halittu,
Yamai