Kachala Ta Cinye Mana Fadama, A Duba Yadda Ake Sako Ruwan Dam

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ɗan sam min fili in yi magana kan ciyawar kachala, don mu mutanen Guri da Kirikasamma wallahi abin ya kai mana iya wuya.

Wanda bai taɓa zuwa yankinmu ba ba zai gane ba, ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus a ruwa ko kwale-kwale ba ya iya ratsawa, ta toshe hanyoyin ruwa har ruwan ya rasa inda zai bi sai ya ɓalle cikin gonaki da gidaje, wani gefen kuma ko ɗigo ba ya zuwa. Inda a da ake tsinkar bado, shanu na kiwon ciyawar burgu, masunta na kama tarwaɗa da karfasa, yanzu kachala ce zalla, ba ta barin komai ya tsiro kusa da ita. Hatta tsuntsayen nan da ke tasowa daga Turai su sauka a dausayin Baturiya, ai buɗaɗɗen ruwa suke nema ba duhuwa ba. Tsuntsun jan baki mai cin hatsi ne kawai ya samu gidan kwana, tun asuba za ka ga yara a gonar shinkafa da gwangwani suna bugawa suna ihu har magariba, makaranta kam sai dai haƙuri. Ga sauro ga tsargiya.

Toh amma mene ne tushen abin? Dattawanmu sun sani. Kafin a yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 a jihar Kano, waɗanda ruwansu ke gangarowa kogin Haɗeja zuwa yankinmu, ruwa kan malalo da damina, da rani fadama ta bushe ƙayau har ƙasa ta tsattsage, kachala ba ta samun sakewa. Yanzu kuwa ana sako ruwa rani da damina, ga laka na taruwa, ruwa kwance marar zurfi, daidai abin da take so kenan.

Mun sha yin aikin gayya da lauje da adda, matasa cikin ruwa har ƙirji ganyen yana yanka musu hannu. In ka yanke ta a saman ruwa ko ka banka mata wuta, nan da nan ta sake tohowa, sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa saiwar ta rasa iska take mutuwa, kuma hannu nawa ne zai iya wannan a fadama guda?

Ba muna cewa a hana 'yan uwanmu na Kura da Kadawa a jihar Kano ruwan dam na noman rani ba ne, su ma abinci suke nema. Roƙonmu ga hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are shi ne a tsara sakin ruwan ta yadda fadamarmu za ta riƙa samun lokacin bushewa, a kawo injinan yashe kogi su zauna nan dindindin ba sai ambaliya ta auku ba, kuma duk zaman da za a yi a kira sarakunan ruwa da manoma da makiyaya, su suka san inda kowace hanyar ruwa take bi kafin ta toshe.

Naku,
Wani manomi daga ƙaramar hukumar Guri, jihar Jigawa.