Malam Edita, a koya wa mutanen ƙauye waya

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Ni mai sauraronku ne daga wani ƙauye a gefen Gumel, abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya ne ya sa na rubuto.

Tun canjin kuɗin nan na farkon 2023, lokacin da takardar dubu ta fi nama wuya, mutanenmu suka faɗa harkar tiransifa da POS ba don sun iya ba, dole ce ta sa. Ka leƙa kasuwar Maigatari ran Alhamis ka gani, dattijo ya sai da sa, ya tsaya yana jiran alat, in ya shigo ma da Turanci yake, sai ya miƙa wa yaron da ke kusa ya karanta masa, ko waye yaron oho. Baffana kuwa in ya je cire kuɗi katin yake ba mai POS, sannan ya faɗi lambar sirrin da ƙarfi duk 'yan layi suna ji, na yi masa magana har na gaji, wai ai duk 'yan gida ne. To bara bayan an sai da riɗi wani ya kira shi ya ce daga banki ne, za a rufe masa asusu in bai karanto lambar da aka turo masa ba, shi kuma bawan Allah ya kira jikansa ya karanto musu tsaf. Kafin la'asar kuɗin riɗin nan ko sisi. Wallahi ba wauta ba ce, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa banki ba ya tambayar wannan lambar.

Yaranmu ma ba su tsira ba, JAMB tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, wani yaron sai ranar jarabawa zai fara taɓa maus, hannu na rawa.

Roƙona shi ne ku ware mana ko minti 15 a mako bayan sallar isha'i, lokacin da ake zaman majalisa da rediyo, a kawo wanda ya san harkar ya yi bayani da Hausar kasuwa ba ta 'yan boko ba, yadda ake duba balas, yadda ake toshe kati in ya ɓata, a kuma buɗe layi mata su kira daga cikin gida.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku, mai sauraro daga ƙasar Gumel