Wa ya ɗinka rigar da ke cikin dilata?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Sana'ata gwanjo, shekara goma sha ɗaya ke nan ina fasa dila a kasuwar Ƙofar Wambai. Wanda ya taɓa tsayawa wurin ya san yadda abin yake: ana yanke ƙarfen ɗaurin sai dilar ta kumbura, warin maganin nan ya daki hanci, 'yan sari su yi caa kowa na wawason na gani na so. Ni kuma ina da wata ɗabi'a da yaran shago ke yi mini dariya a kanta, nakan juya wuyan riga in karanta ɗan ƙyallen da ke jiki. Dila daga Ingila ko Kanada take zuwa, amma ƙyallen sai ya ce Bangaladash, ko Kambodiya, ko Biyetnam.

Ɗabi'ar ta samo asali ne daga ranar 24 ga Afrilu, 2013, da wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta a Savar, kusa da Dhaka, babban birnin Bangaladash. Masana'antun ɗinki biyar ne a cikinsa, suna yi wa manyan kantunan Turai da Amurka aiki. Tun ana gobe aka ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, su kuwa masu ɗinki aka ce ko su koma kan keke ko su rasa albashin wata. Suka koma. Mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka jikkata, akasarinsu mata. Mafi ƙarancin albashinsu a lokacin taka (kuɗin ƙasar) 3,000 ne a wata, wajen dala 38.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne muhawarar da muka yi da ɗan yayata da ya zo hutu daga jami'a. Cewa ya yi, "Kawu, a Turai yanzu mutum sai ya bincika yadda aka yi kaya kafin ya saya. Ya kamata mu ma mu ƙaurace wa kayan zalunci." Na ce masa, "To ɗana, zauna nan kan benci zuwa la'asar ka gani." Ya ga uwa ta zo da yara huɗu ana saura kwana biyu a koma makaranta, tana taya wando tana kwance bakin zani tana sake ƙirga canjinta. Wannan baiwar Allah ce za a ɗora wa binciken masana'antar da ke wata uwa duniya? Ko ni da nake karanta ƙyallen, sunan ƙasa kawai yake gaya mini. Ba ya faɗin ko ƙofar fita a buɗe take ranar da gobara ta tashi.

Ban ce yaron ba shi da gaskiya kwata-kwata ba. Ihun masu saye a Turai ya taimaka wajen kunyata kamfanonin. Sai dai shugabannin ƙwadago na Bangaladash da kansu sun roƙi kada a ƙaurace wa kayansu, don mutum wajen miliyan huɗu ke ci daga wannan ɗinki. Abin da suka nema, kuma suka samu a watan Mayun 2013, yarjejeniya ce da za a iya kai kamfani ƙara idan ya saɓa mata. Kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu, injiniyoyi suka shiga masana'antu sama da 1,600 suna duba wayar lantarki da ginshiƙai da ƙofofi, ana buga sakamakon kowa ya gani. Albashin ma ba kyauta aka ba su ba. Sai da suka fito kan titi a 2023, aka rasa rayuka, kafin ya kai taka 12,500, alhali 23,000 suka nema.

Malam Edita, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mahaifina ya yi shekara ashirin a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna, har aka garƙame ta lokacin da atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Ya rasu yana jiran haƙƙinsa na sallama, takardun suna nan cikin adakar mahaifiyata. (Ni ɗansa kuma ga ni ina sayar da kwancen Turawa, abin da ban haushi da ban dariya.) A watan Yunin 2020 nan Kano 'yan sanda suka shiga wani kamfanin casar shinkafa suka fito da ma'aikata fiye da ɗari da aka kulle a ciki tun farkon dokar zaman gida ta korona. Wa ya san ko shinkafar ba ta shiga tukunyar gidana ba? Buhun dai bai faɗa mini komai ba.

Don haka roƙona ke nan. Ku tura wakilanku Sharaɗa da Challawa da Bompai da asuba, lokacin da 'yan aikin dare ke fitowa. Su tambaye su awa nawa suke yi, nawa ake ba su, suna da takardar ɗaukar aiki ko leburancin kullum ne shekara da shekaru, wa ke riƙe da makullin ƙofa da dare, kuma yaushe rabon da su ga jami'in ma'aikatar ƙwadago ya leƙo. Ku buga abin da kuka samu da sunayen kamfanonin, masu kyautatawa da masu cutarwa. Zan yanke shafin in liƙa a ƙofar shagona.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai sayar da gwanjo,
Kasuwar Ƙofar Wambai, Kano.