Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Gidauniyar Karnuka Da Kyanwowin Titi

Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, maganar da na kawo gabanka wasu za su ce ba ta isa shiga fada ba. Roƙona shi ne ka sa baki a kafa gidauniyar tara kuɗi domin kula da karnuka da kyanwowin da ke gararamba a titunanmu, musamman yi musu allurar rigakafin cutar haukan kare. Na san martanin da zai biyo baya tun kafin a furta shi. Za a ce 'yan bindiga sun hana mutanen Isa da Sabon Birni noma, 'yan gudun hijira na kwana a kangwaye, mudun gero ya gagari magidanci, sai ga wani ya zo yana neman kuɗin kare. Ban raina wannan magana ba, domin ni ma a cikin wannan hali nake rayuwa. Ina dai roƙon a ji lissafin tukuna, saboda wanda zai fi kowa cin moriyar wannan kuɗi shi ne yaron da aka aika sayen ƙosai da sassafe ya yi kiciɓis da kare a lungu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizo ko yakushin kare suke kamuwa, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yara ne ke wasa da 'yan kwikwiyo, su ne ke bin kare da jifa, kuma gajarta ta sa cizon ke samun su a fuska ko wuya, inda ƙwayar cutar ba ta da nisan tafiya zuwa ƙwaƙwalwa. Sau da yawa yaron ma ba ya faɗa a gida, don tsoron a doke shi.

Muguntar wannan cuta tana cikin jinkirinta. Ciwon cizon zai warke, a manta da shi, sai bayan wata biyu ko uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, yaro ya fara zazzaɓi da firgita. A miƙa masa ruwa a kofi, ƙishirwa na cinsa, amma da ya kai baki sai maƙogwaro ya shaƙe, ya ture kofin yana kakari. Iskar mafici ma razana shi take yi. A nan ne iyaye kan ce aljanu ne ko sammu, a nufi wurin mai ruƙiyya ko mai magani. Idan aka kai wannan mataki, ko asibitin da ya fi kowanne a duniya aka je, sai dai a rage wa majinyaci wahala kafin rai ya yi halinsa. Shi ya sa nake ganin waɗanda ke mutuwa da ita a ƙauyukanmu sun fi waɗanda ake rubutawa a takarda, tunda mafi yawansu a ɗaki suke cikawa.

Alhali maganin abin ya daɗe a duniya. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro mai suna Joseph Meister da allurar rigakafi a Faransa. Abin da likitoci ke cewa a yau shi ne a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 nan take, sannan a garzaya asibiti a fara allura, wadda ake yi sau da dama a ranaku daban-daban. A wurinmu kuwa, wani sai ya tsigo gashin karen ya ƙona ya shafa a ciwon, wani ya zuba toka ko barkono. Ko wanda ya san ya kamata ya je asibiti, kuɗin kan tsayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2018 matsakaicin kuɗin cikakken maganin bayan cizo ya kai dala 108 ga mutum ɗaya. Kuɗin da za a kashe wa mutum ɗaya zai yi wa karnuka masu yawa rigakafi, kuma karen da aka yi wa rigakafi ba zai sa wa kowa cutar ba.

Abin da muka saba yi idan mahaukacin kare ya ciji mutane a gari shi ne samari su fito da gorori da duwatsu, ko a zuba guba a nama a watsa a bola. Karen da ya haukace kam ba a jayayya a kansa, shari'a ma ta halatta kashe kare mai cizo. Amma kisan kan mai uwa da wabi shi kaɗai ba ya kawar da cutar. Muddin kwata da juji da bayan gidajen abinci na nan cike da abin ci, wasu karnukan za su shigo su maye gurbin waɗanda aka kashe, su hayayyafa. Gubar kuma ba ta tantancewa: kaji na ci, kyanwowi na ci, angulu na ci, ga yara suna tone-tone a bolar. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi, aka kuma ci gaba da yi, cutar kan rasa hanyar yaɗuwa ta mutu da kanta. Da haka Meziko ta samu shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta raba mutanenta da haukan kare da ake ɗauka daga karnuka.

Kada a ce Meziko ta yi nisa. A N'Djamena, nan maƙwabtanmu, an yi gangamin rigakafin karnuka kyauta a 2012 da 2013, tare da haɗin gwiwar hukumomin Chadi da wata cibiyar binciken lafiya ta Suwizalan. An yi wa karnuka sama da 18,000 a shekarar farko, sama da 22,000 a ta biyu, aka haura kashi 70 ɗin nan, kuma birnin ya yi watanni ba a ga kare mai cutar ba. Abu biyu ne suka fi ɗaukar hankalina a labarin. A wani gwaji da aka yi a birnin a 2006, lokacin da aka ce masu karnuka su biya wani abu daga aljihunsu, ko kashi ɗaya cikin huɗu na karnukan ba a samu ba. Wato in ba kyauta ba ne, talaka ba zai kawo karensa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Sannan bayan an dakata da gangamin, cutar ta sake shigowa ta karnukan da aka kawo daga wajen gari. Aikin yana son kuɗin da ba ya yankewa, abin da kasafin gwamnati da tallafin Turawa ba su cika bayarwa ba. Mu kuma karnukanmu matafiya ne. Kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Filato tana karɓar karnuka daga jihohin Arewa da ma ƙetaren iyaka, a cunkushe cikin keji, ba mai tambayar wanne aka yi wa allura.

Ranka ya daɗe, dalilin da ya sa na nufo ka maimakon wani kwamishina shi ne abin da muka gani da idonmu a kan shan inna. A 2003 wasu jihohin Arewa sun dakatar da rigakafin saboda zargi da rashin yarda, cutar ta bazu har wasu ƙasashe. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna a ƙarƙashin jagorancinka, daga hakimai da dagatai har masu unguwanni, suna bi gida-gida, wasu suna fara ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Wannan tsari yana nan bai rushe ba. Mai unguwa ya san gidan da ke da kare. Sarkin Baka ya san mafarauta da yawan karnukansu, Ardo ya san na ruga, Sarkin Fawa ya san waɗanda ke kwana a kwata. Galibin karnukan da muke kira na titi ma suna da gidan da suke komawa, sakinsu kawai ake yi su nemi abinci, don haka kama su ba zai yi wahalar da ake zato ba idan mai su ya yarda.

Akwai kuma abin da sai malamai ne za su iya gyarawa. Yaranmu sun taso da tunanin cewa jifan kare ba laifi ba ne, wasu ma gani suke kamar lada ne. Baƙar mage kuwa an riga an yanke mata hukuncin maita. A unguwanni da yawa, idan kyanwa ta haihu a ɗakin ajiya, sai a kwashe 'ya'yan tun idonsu bai buɗe ba, a zuba a buhun siminti a kai juji, uwar ta kwana uku tana zagaya gida tana kuka, nono ya cika mata. Masu yin haka sun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Sun san na mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙo shi da baki ya hauro, ya shayar da kare mai lallage don ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. A mazhabarmu ta Malikiyya ma kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. Karatun yana nan a littattafai, amma ba kasafai ake jin sa a kan mumbari ba. Kowace ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Da za ka umarci limamai su keɓe huɗubar Juma'ar da ta fi kusa da ita ga haƙƙin dabbobi da yadda ake wanke cizo, da saƙon ya isa inda rediyo ma ba ta kai ba.

Kyanwa kuma ma'aikaciya ce a gida. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma ajiye kyanwa na cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa don rage ɓeraye. Ita ma tana iya ɗaukar haukan kare, shi ya sa ya kamata ta shiga cikin rigakafin.

Game da kuɗin, ba zakka nake nufi ba. Zakka tana da masu ita guda takwas da Alƙur'ani ya ambata, kare da kyanwa ba sa ciki. Ƙofar da ke buɗe ita ce ta sadaka da wakafi, kuma ba sabon abu ba ne a tarihin Musulmi. Sarki Baibars na Masar, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar wakafin lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwowin da ba su da masu su. Jihar Sakkwato na da hukumar zakka da wakafi, Kano na da ta zakka da hubusi. Attajiri ɗaya da zai yi wakafin shaguna biyar a kasuwa, kuɗin hayarsu ya riƙa shiga asusun duk shekara, ya fi taron ƙaddamarwa da za a cika da alƙawura da kirari a watse ba a ga ko sisi ba. Mun sha ganin irin waɗannan gidauniyoyi, shi ya sa mutane suka daina saurin sa hannu a aljihu. Don haka nake roƙon a damƙa asusun ga amintattu 'yan kaɗan, cikinsu har da likitan dabbobi da likitan mutane da malami, a riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a rediyo, kowane karen da aka yi wa allura kuma a sa masa alama a wuya ko a shafa masa fenti, yadda mai bayarwa zai ga aikin kuɗinsa yana yawo a unguwa.

Ma'aikata ba za su yi wuya ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da tsangayar likitancin dabbobi, haka Jami'ar Ahmadu Bello da ta Maiduguri, kuma ɗalibansu na buƙatar aikin hannu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta daɗe tana haɗa allurar rigakafin karnuka. Abin da gidauniyar za ta ɗauka shi ne sayen allura da sirinji, firji mai aiki da hasken rana don kada zafinmu ya lalata maganin, man babur, da ɗan abin da za a ba masu aikin. Wani kaso kuma a ware shi don biya wa yaran talakawa allurar bayan cizo, su ma likitocin da ke kama karnukan a fara yi musu allurar rigakafi.

Saura batu ɗaya da na bar wa malamai. Likitocin dabbobi na ganin hanyar rage yawan waɗannan dabbobi ba tare da kisa ba ita ce a fiɗiye mazan, a yi wa matan aikin hana haihuwa bayan an sa musu maganin barci. Mutane za su tambayi hukuncin haka, kuma gara amsar ta fito daga zaman malamai da likitoci a ƙarƙashin Jama'atu Nasril Islam kafin a fara, kada jita-jita ta riga mu shiga gari kamar yadda ta yi a 2003.

Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan cuta. Ba na roƙon a fara da Arewa gaba ɗaya. A fara da birnin Sakkwato da kewayensa na shekara biyu a jere, a ƙirga karnukan, a ƙirga masu zuwa asibiti da cizo kafin da bayan aikin, sannan a kai sakamakon gaban sauran sarakuna su duba.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi, ya ba da ikon dubawa.

Wassalamu alaikum.

Daga ɗaya daga cikin talakawanka.