Kira ga Masu Rubuta Manhaja a Kano: A Bar wa Na'ura Aikin Gwaji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da matasanmu masu rubuta manhaja, musamman ɗaliban Jami'ar Bayero da na jami'ar da ke Wudil, waɗanda suka fara ɗora ayyukansu a GitHub, wato shafin intanet da ake ajiye manhajoji, domin kowa ya gani, ya kuma kawo gyara.

Ni da abokaina uku muna kula da wani ɗan rumbun manhaja da muka rubuta da yaren kwamfuta na Python muka buɗe wa jama'a, wanda aikinsa jera kalmomin Hausa bisa tsarin haruffa. A bara wani ya aiko mana da gyara, muka gwada shi a kwamfutar ɗayanmu mai aiki da babbar manhajar Linux, muka ga lafiya lau, muka karɓa. Kafin mako ya zagayo sai ga ƙorafi daga masu Windows cewa ƙ da ɗ da ɓ duk sun rikiɗe sun zama shirme. Dalili kuwa shi ne, idan ba a faɗa wa Python ƙarara cewa fayil na UTF-8 ne ba, wato tsarin ajiye rubutu mai ɗauke da har haruffanmu, a Windows yakan karanta shi da tsarin da kwamfutar ta zo da shi, wanda galibi babu haruffanmu masu ƙugiya a cikinsa.

Wannan ne ya sa muka kafa abin da masu sana'ar ke kira CI, wato gwaji mai tashi da kansa duk lokacin da aka taɓa aikin. Mun yi amfani da GitHub Actions, tsarin GitHub na gudanar da irin wannan gwaji, wanda aka buɗe wa kowa a 2019, kuma kyauta ne ga rumbun da ba a rufe ba. Gajeren fayil ɗaya na YAML, wani salon rubuta wa na'ura umarni, muka ajiye a cikin jakar .github/workflows, muka umarce shi ya gudanar da gwaje-gwajenmu a kan Linux da Windows da macOS, da nau'o'in Python uku. Gwaji tara ke nan a kan kowane gyara, a kwamfutocin da ba namu ba, ko an ɗauke wuta a unguwa ko ba a ɗauke ba.

Amma amfanin da ya fi burge ni ban yi tsammaninsa ba. Mu mutanen Kano muna da kara, kuma yana da nauyi ƙwarai ka ce wa malaminka ko yayanka gyaransa ya lalata aiki, shi ya sa a da mukan karɓa mu yi shiru, daga baya mu gyara a ɓoye. Yanzu mun kulle babban reshen aikin, wato ainihin kwafin manhajar, ta yadda babu gyaran da zai shiga sai alamar gwaji ta nuna kore. Idan ta nuna ja, mai gyaran da kansa yake gani ya koma ya duba, ba tare da an haɗa ido da kowa ba.

Ga mai son farawa, kada ya jira sai ya rubuta gwaji ɗari. Namu na farko kalmar "ƙanƙara" kawai yake karantawa daga fayil ya tabbatar ta dawo yadda take. Sannan kada a rubuta kalmar sirri a cikin fayil ɗin YAML, domin duniya ce ke karanta shi, kuma GitHub ya tanadi wurin ɓoye irin waɗannan.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja,
Unguwar Gwale, Kano.